Yadda Ake Kafa Lambun Itatuwa Masu 'Ya'ya a Makaranta

Kusan kowace damina akan ga makarantu sun yi bikin dashen itace, an ɗauki hoto, an watse. Kafin watan Afrilu awaki sun cinye rabi, gara da ƙishirwa sun gama da sauran. Dashe aikin yini ɗaya ne. Abin da ke tayar da lambu shi ne renon ranin farko, kuma a cikin renon ne yara ke samun mafi yawan karatun. Ga yadda za a bi.

1. A fara da ruwa da mai kulawa

Kafin a sayi ko dashe ɗaya, shugaban makaranta ya zauna da malamin aikin gona, da maigadi, da kwamitin iyayen yara, a amsa tambayoyi biyu: ina ruwa zai fito daga Nuwamba zuwa Mayu, kuma wa zai yi ban ruwa in an tafi hutu? Dogon hutu yana faɗowa cikin damina, don haka ba shi da matsala. Hutun Disamba da na Afrilu su ne masu kashe itace. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan rijiya ko burtsatse ba za su ɗauki itace 50 ba, a fara da 15.

2. A zaɓi wuri, yara su auna

A nemi inda rana ke samu sosai, ruwa ba ya kwanciya, nesa da masai da wayar lantarki da filin ƙwallo. Mangwaro kuma kada ya matsi gini. Awon filin a bar wa 'yan aji biyar da shida, ko 'yan ƙaramar sakandare. A ba su igiya da turaku. Don kusurwa ta fita daidai, su auna mita 3 ta gefe ɗaya, mita 4 ta ɗaya gefen. In tsakanin bakin biyun ya ba da mita 5, kusurwar ta tsaya. Darasin lissafi ke nan da za su riƙe fiye da na allo.

3. A haɗa mai saurin haihuwa da mai daɗewa

Yaro yana son ya ga sakamako kafin ya bar makaranta. Gwanda takan yi 'ya'ya cikin shekara guda, zogale kuma ana tsinkar ganyensa cikin 'yan watanni. Gwaiba tana ɗaukar shekara 2 zuwa 3. Mangwaro mai aure yakan fara a shekara 3 zuwa 4, na ƙwallo kuwa sai ya kai 6 ko fiye, kuma ba lallai ya yi zaƙin uwarsa ba. Inda ruwa ya yi ƙaranci, kashu da magarya sun fi lemu haƙuri.

Tazara: mangwaro da kashu mita 10, lemu da gwaiba mita 6, gwanda mita 2 da rabi. A jera gwanda da zogale a tsakanin mangwaro. Kafin mangwaron ya buɗe inuwa, su sun gama zamaninsu.

A sayi dashe a wurin da aka sani, kamar gandun renon itatuwa na ma'aikatar gandun daji, ko reshen cibiyar NIHORT da ke Bagauda a jihar Kano. A duba gaɓar auren ta warke, ganye ba tabo, saiwa ba ta fasa leda ta kama ƙasa ba.

4. A yi shinge kafin dashe

Akuya ɗaya ta isa ta shafe aikin aji guda cikin rabin sa'a. In makarantar ba ta da katanga, kowane dashe a kewaye shi da ƙaya, ko keji na kara, ko tubalin da aka jera da 'yan ƙofofi don iska, tsayinsa ya kai ƙirjin babba.

5. A haƙa rami, a bar shi ya yi mako biyu

Rami ya zama santimita 60 faɗi, 60 zurfi. Ƙasar sama a tara ta gefe ɗaya, ta ƙasa gefe ɗaya, a sa yara su damƙa su ga bambancin launi da laushi. A cuɗa ƙasar sama da bokiti biyu na takin gida wanda ya ruɓe sarai, a mayar cikin ramin, a bar shi mako biyu. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara.

6. Ranar dashe

A jira damina ta zauna, wato ƙarshen Yuni zuwa Yuli a yawancin ƙasar Hausa. A dasa da yamma. A yanke ledar a cire ta gaba ɗaya ba tare da ƙasar da ke riƙe da saiwa ta warwatse ba. Kada a binne dashen fiye da yadda yake a leda, gaɓar auren kuma ta tsaya sama da ƙasa da kamar taƙi ɗaya. A danne ƙasa da ƙafa a hankali, a yi masa ɗan kwari kewaye don riƙe ruwa, a ba shi bokiti guda nan take. Gwanda a sa uku a rami ɗaya. In sun yi fure za a gane namiji da furanninsa masu dogon sili, a cire shi, a bar ɗaya kawai ga mata kamar goma.

7. Kowane itace da masu shi

Itacen kowa ba na kowa ba ne. A raba yara uku-uku ko huɗu-huɗu, a rataya wa kowane dashe lamba da sunayensu, a haɗa babba da ƙarami a rukuni ɗaya don in babban ya gama makaranta a sami magaji. Da rani kowane dashe ya sami bokiti ɗaya ko biyu, sau biyu zuwa uku a mako, da safe ko da yamma. A rufe gindinsa da busasshiyar ciyawa, amma a bar tazarar yatsu huɗu daga jikinsa saboda gara. Inda ruwa ke wuya, a binne tulun ƙasa kusa da saiwa har wuya, a cika shi, a rufe bakinsa. Zai riƙa tsattsafowa kaɗan-kaɗan. Duk tohon da ya fito ƙasa da gaɓar aure a tsinke shi, furen shekara biyun farko na dashe mai aure ma haka, don itacen ya fara yin jiki.

8. A mayar da lambun aji

Kowane rukuni ya riƙe littafi. Duk farkon wata su auna tsawon itacensu da kaurin gindinsa, su rubuta ranar toho, ranar fure, da ƙwarin da suka gani. Malamin kimiyya ya nuna musu ƙudan zuma a kan fure, malamin lissafi ya sa su zana jadawalin girma, malamin Hausa ya ba su insha'i a kan itacensu. A gayyato wani manomin lambu na garin ya koya musu aurar da mangwaro da hannunsu.

9. A yi dokar tsinka tun kafin a ga ɗanye

Lambu da yawa a wannan gaɓar suke lalacewa: jifa, karya rassa, rigima. Tun da wuri a yi yarjejeniya da yaran kansu cewa ba a tsinkar ɗanye, kuma ranar girbi ɗaya ce ga kowa. A ware kason masu reno, da na maigadin da ya yi ban ruwa lokacin hutu, sauran a sayar a sayi bokiti da sabon dashe don maye gurbin waɗanda suka mutu. 'Ya'yan da suka faɗo suka ruɓe a tattara a binne su da zurfi, don tsutsar ƙudan da ke cikinsu kada ta zama ƙuda ta ɓata na bishiya.