Takalmin da Zai Kai Ka Chappal Waddi

Ɗana, mahaifiyarka ta gaya mini kai da abokanka kuna shirin zuwa gandun dajin Gashaka-Gumti idan rani ya shigo, har kuna da niyyar hawa Chappal Waddi. Na yi murna ƙwarai. Dutsen nan da ke jihar Taraba, kan iyakarmu da Kamaru, shi ne mafi tsawo a Najeriya, mita 2,419, kuma mota ba ta kai mutum samansa. Tafiyar ƙasa ce ta kwana da kwanaki, ga hawa, ga gangara, ga rafuka. Shi ya sa nake so mu yi maganar takalmi tun kuɗinka bai ƙare a kan jaka da kyamara ba.

Ranar saye, ka bar ƙafarka ta yi zaɓi, ido ya dakata. Ka shiga kasuwa bayan la'asar, domin ƙafa takan ɗan kumbura idan an wuni ana yawo, kuma da wannan girman za ka yi tafiyar. Ka tafi da safar da za ka sa a daji, ka gwada ƙafa biyu, don sau da yawa ɗaya ta ɗara ɗaya. Kafin ka ɗaure igiya, tura ƙafar gaba har yatsu su taɓa ƙarshe, sannan ka zura ɗan yatsan hannu ta bayan diddige. In ya shiga, da sauran wuri. In ya ƙi shiga, ajiye shi, ko da mai shago ya rantse maka zai buɗe. Fata tana iya sakewa ta faɗi, amma takalmi ba ya ƙara tsawo.

Dalilin wannan ɗan filin shi ne saukowa. Ta fi hawa cin ƙafa nesa ba kusa ba. Kowane taku a gangara, nauyinka da na kayanka yana tura yatsu su doki gaban takalmi, wuni guda ana haka sai jini ya kwanta a ƙarƙashin farcen babban yatsa, ya yi baƙi, bayan makonni ya fita. To ka ɗaure igiyar sosai, ka nemi matakala ko wani ɗan tudu kusa da shagon, ka hau ka sauko. Yatsu kada su taɓa gaba, diddige kuma kada ya riƙa ɗagawa yana goga baya, don wannan gogar ce ke haifar da bororo. Ka ɗauki mai dogon wuya wanda ya rufe idon sawu, tunda da kaya a bayanka, kuma ciyawa ba ta rasa ƙaya da maciji.

Na san gwanjo za ka nufa, ban kuma ga laifinka ba, ana samun na kirki a Ƙofar Wambai. Sai dai akwai abin da nake so ka duba da kyau. Tsakanin fatar sama da robar ƙasa akwai wani soso mai tare zafin dutse. A wasu daga cikin irin takalman nan, soson yana lalacewa da shekaru da laima ko da ba a taɓa sa shi ba. Za ka ga sama tana ƙyalli kamar sabo, ciki kuwa ya mutu. Ka danna gefen da farce, ka lanƙwasa takalmin da ƙarfi a hannu. Idan ya yi gari, ko ya yi danƙo, ko ka ga 'yan tsagu, wannan ƙasansa zai ɓalle maka a tsakiyar daji inda babu shumeka. Ka kuma leƙa ciki, idan ƙafar mai shi na farko ta riga ta yi masa rami ya karkace gefe guda, ba naka ba ne.

Juya shi ka ga haƙoran ƙasan. Ana son su da zurfi, da tazara tsakaninsu don laka ta riƙa zubewa. Idan ka ga ɗan tambari rawaya an rubuta Vibram, asalinsa wani mahayin dutse ne ɗan Italiya, Vitale Bramani, wanda abokan tafiyarsa shida suka rasu a tsaunukan Alps a 1935. Ya ɗora laifin a kan takalman zamanin, ya fito da ƙasan roba mai haƙora a 1937. Amma tambari ba ya hana santsi idan haƙoran sun riga sun siɗe.

Takalmin da ake cewa ruwa ba ya shigarsa, irin su Gore-Tex, yana da rana a raɓar safiya, sai dai yana riƙe zafi, kuma idan ruwa ya shiga ta sama a ƙetaren rafi yakan daɗe bai bushe ba. Ni dai a ganina ka jefa takalmin roba marar nauyi a jaka saboda rafi da zaman yamma. Za ka ga makiyayan can suna wuce ku da irinsa a kan dutse, kada ka kwaikwaye su, ƙafarsu a can ta tashi.

Safar auduga tana shan gumi ta riƙe shi, jiƙaƙƙiyar fata kuwa ba ta da wuyar salewa. Nemi ta ulu, guda uku ko huɗu.

Ka sayi takalmin da sauran wata guda kafin tafiya. Ka sa shi zuwa aiki, ka hau Dala da Goron Dutse da shi ranakun hutu, da jakarka cike a baya. Duk wurin da ka ji ya fara zafi, ka lura da shi, ka manna filasta a nan tun da safe ranar da za ku tashi. Kuma ka yanke farce kafin ku bar garin Serti ku nufi dutsen.