Kwanakin Ƙarshe na Hutu a Duwatsun Abzin

Ya kai mai karatu, ka taɓa zuwa Abzin? Ƙasar duwatsu ce a arewacin Nijar, cikin jihar Agadas. Can ne Bagzan yake, dutsen da ya fi kowane tsawo a ƙasarmu. Tsawonsa ya ɗara mita 2000. Can kuma garin Timiya yake, cikin kwari, duwatsu sun kewaye shi. Daga Agadas zuwa Timiya ya fi kilomita 200, kuma hanyar rairayi ce da dutse.

Wuri ne mai daɗin hutu. Akwai garake masu dabino da rumman da inabi. Da sanyi kuma lemu yake nuna. Mutanen wurin Abzinawa ne, amma da yawa suna jin Hausa. In ka sauka wurinsu, ba za ka so tashi ba. To, nan ne matsalar take.

Bari in ba ka labarina. Wata shekara na yi hutun damina a Timiya, wurin wani abokina. Ya kamata in buɗe ajin yaƙi da jahilci a garinmu ran Litinin. Na ce kwana 3 sun ishe ni tafiya, sai na zauna har Jumma'a. Da muka taso, ba mu yi nisa ba sai muka tarar da ƙorama ta cika. Direba ya ce ba ya shiga. Kwana 2 muka yi a bakin ruwan nan. Guzurina ya ƙare. Na iso gida ran Laraba, ɗalibaina sun gaji da jira, wasu ma sun daina zuwa.

Ka san abin mamaki? Ko ɗigo bai sauka inda muke ba. Can bisa duwatsu aka yi ruwan. Dutse ba ya shan ruwa kamar ƙasar gona. Duk abin da ya zuba sai ya gangaro, ya haɗu cikin ƙorama, wadda ake ce ma kori. Yana zuwa da ƙarfi, babu sallama. Daga watan Yuli zuwa Satumba aka fi ganin haka.

Saboda haka, in hutunka ya kusa ƙarewa, ga abin da za ka yi.

1. Ka yi lissafi daga baya. Ka fara da ranar da dole ka kasance gida. Ka cire kwanakin tafiya, sannan ka ƙara cire kwana 2 ko 3 don abin da ba a sani ba.

2. Ka nemi mota tun da wuri. Ba kullum ake samu ba. Ka yi magana da masu ɗaukar albasa da kayan garka zuwa Agadas. Ka tambaye su halin hanya, wajen ruwa da wajen tsaro.

3. Ka ware kuɗin mota gefe guda. Kada tsaraba ta cinye su.

4. Ka yi guzuri: ruwa mai yawa, dabino, cuku da bargo. Daren duwatsu yana da sanyi.

5. In dare ya yi muku a hanya, kada ku kwana cikin ƙorama, ko da ta bushe ƙaf. Ku hau tudu.

6. Ka yi sallama yadda ya kamata. Kada ka bar ta sai mota ta tsaya a ƙofa. Ka zaga maƙwabta tun ana saura kwana 2. Ka biya bashin da ka ci. Ka zauna ka sha shayi da mai masaukinka, har kofi na uku. Baƙo raɓa ne, amma halinsa ba ya bushewa.

Hutu yana da daɗi, amma gona da aiki da iyali suna jiranka. Wanda ya taso da wuri, shi ke isa gida da murmushi.

Tambayoyi

1. A wace jiha Abzin take?
2. Me ya sa ƙorama take cika ko ba a yi ruwa a wurin ba?
3. Dole ka kasance gida ran 30 ga Satumba. Tafiya kwana 3 ce, ka ƙara kwana 2. Wace rana za ka taso?