Shimfiɗar Jariri a Tanti ko Bukka

Uwa, ki saurara!

In ambaliya ko aikin gona ya kai ku kwanan tanti, kada ki kwantar da ɗanki a dandariyar ƙasa. Sanyinta yana ratsa jiki.

Ki fara shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko leda, ki ɗora tabarma, sa'an nan zane mai kauri. Katifa mai lotsawa da matashin kai ba na jariri ba ne, suna iya toshe masa numfashi. Ki kwantar da shi rigingine, fuska a buɗe.

Ki cusa bakin gidan sauro ƙarƙashin tabarma.

Kaskon gawayi kuwa, a waje! Gubarsa ba ta wari, amma tana kashe mai barci.

Kullum ki shanya shimfiɗa a rana. Kafin kwanciya ki kakkaɓe ta saboda kunama.