Amsoshin Tambayoyinku: Mene Ne Hannun Jari?

Wata mai sauraronmu daga Gusau ta rubuto tana cewa ta tara 'yan kuɗi daga sana'ar ɗinki, tana kuma jin ana maganar hannun jari. Shin mene ne shi, kuma ta ina ake farawa?

To Hajiya, hannun jari wani ɗan yanki ne na mallakar kamfani. Idan kin saya, kin zama ɗaya daga cikin masu kamfanin. In an ci riba ana iya ba ki kasonki, in darajar hannun ta tashi ki sayar da tsada. Amma fa yana faɗuwa. A 2008 farashi ya rushe a Nijeriya, mutane da dama suka tafka asara, musamman waɗanda suka ci bashin banki suka saya.

Ana cinikin ne a kasuwar hannun jari ta Legas, wadda aka kafa a 1960, yanzu ana kiranta NGX. Ba kya shiga da kanki, sai ta hannun dillali mai rajista da hukumar SEC mai kula da kasuwar.

Idan kina gudun kuɗin ruwa, akwai sukuk, wani nau'in zuba jari marar ruwa, wanda gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017 domin gina hanyoyi.

Abin da nake roƙonki shi ne, kada ki zuba jarin ɗinkinki ko kuɗin makarantar yara. Duk wanda ya ce zai ninka miki kuɗi cikin wata guda, ki tuna da damfarar MMM a 2016, ki guje shi.