Harafi Ɗaya a Kan Kati: Yadda Ake Sauya Suna da Jinsi a Takardun Shaida

'Yan'uwa ɗalibai, ku ciro fasfo ko takardar NIN ɗinku ku duba. Akwai wani ɗan gurbi mai harafi ɗaya tak, M ko F. Ba na jin akwai wanda ke tsayawa ya kalle shi. Ni ma ban taɓa kula da shi ba sai bara, da mai kafe ya cike wa wani abokina fom ɗin tallafin karatu, ya danna F a maimakon M. Saurayi ne har da gemunsa, to amma kwamfuta ba ta ganin gemu. Ranar tantancewa aka ce bayanansa ba su zo daidai ba, ya je ya gyara. Kafin ya gama zirga-zirga an rufe.

Nasa kuskure ne na hannu. Amma a duniya akwai mutanen da su da kansu ke zuwa gaban hukuma su ce a sauya musu wannan harafi. A kan haka na yi aikin gida a kwas ɗinmu na gudanar da mulki, kuma na ga ya dace in kawo muku abin da na samu. Na san wasu sun fara yamutsa fuska. Ku yi haƙuri, ba talla na zo yi ba. Da yawa daga cikinmu gobe mu ne za mu zauna a teburin banki, ko asibiti, ko ofishin shige da fice, kuma wata rana irin wannan takarda za ta zo hannunmu.

Da farko mu raba abubuwan da ake cakuɗawa. Akwai mata-maza, wato wanda aka haifa da halittar da ba ta fito sarai ta namiji ko ta mace ba. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurin malamanmu. Littattafan fiƙihu suna kiransa khunsa, kuma da hukuncinsa aka rufe Mukhtasar na Shehu Halil. A mazhabar Malikiyya, idan lamarinsa ya ƙi warwaruwa, a gado ana ba shi rabin rabon namiji da rabin rabon mace. Sannan akwai masu sauya jinsi, waɗanda halittarsu ta fito sarai amma suka ce a ransu su ɗaya jinsin ne. A 1989 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta bambanta biyun: ta halatta yi wa na farko aiki don a fito da abin da ya rinjaya a halittarsa, ta haramta wa na biyu. Ku riƙe wannan bambanci, za mu sake haɗuwa da shi a Pakistan.

Suna shi ne mai sauƙi. A nan gida kowa ya san hanyar: ka je kotu ka yi takardar rantsuwa, ka buga sanarwa a jarida, sannan ka bi hukumomi ɗaya bayan ɗaya da takardunka, NIMC, banki, ofishin fasfo. Amare da yawa sun bi ta nan. A Birtaniya ma takarda ce kawai mutum zai sa wa hannu a gaban shaidu cewa ya bar tsohon suna. Inda gizo ke saƙar shi ne harafin. Tambayar da kowace ƙasa ke fama da ita guda ce: maganar wa za a ɗauka, ta likita, ta alƙali, ko ta mutumin da kansa?

Birtaniya ta ɗauki ta likita. Asalin dokarta ƙara ce da Christine Goodwin ta kai kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai, ta yi nasara a 2002. Kukanta shi ne ta yi aiki, tana rayuwa a matsayin mace, amma a lissafin fansho da dokar aure har yanzu namiji ce. Sai aka yi doka a 2004. Mai nema dole ya kai shekara 18, ya kawo rahoton likitoci, ya nuna ya yi shekara biyu yana rayuwa a sabon jinsin, ya kuma yi rantsuwa cewa a haka zai zauna har mutuwa. Wani kwamiti ne ke dubawa, idan ya amince a ba shi sabuwar takardar haihuwa. Tiyata ba sharaɗi ba ce. Kuɗin nema da fam 140 ne, a 2021 aka mayar da shi fam 5. Duk da haka magana ba ta mutu ba, domin a Afrilun 2025 kotun ƙolin ƙasar ta ce kalmar mace a dokar daidaito ta 2010 tana nufin wadda aka haifa mace, ko da wani yana riƙe da waccan takarda.

Ajantina kuwa a 2012 ta ce babu ruwan likita, babu ruwan alƙali: mutum ya je ofishin rajista ya faɗa, a sauya masa suna da hoto da harafi, lambarsa ta zauna yadda take. Jamus ta bi sahu daga 1 ga Nuwamban 2024, sai dai ta ce a ba da sanarwa wata uku kafin ranar, kuma wanda ya sauya ba zai sake ba sai bayan shekara guda.

Abin da ya fi ba ni mamaki ƙasashen Musulmi ne. A Iran, tun shekarun 1980 Ayatullah Khomeini ya ba da fatawar da ta halatta aikin, kuma wanda ya samu izinin kotu aka yi masa, ana ba shi sababbin takardu. Pakistan kuma tana da al'ummar da ake kira khwaja sira tun zamanin da, kuma hukumar katin ɗan ƙasarsu, NADRA, tana ba su kati mai harafin X. A 2018 majalisa ta yi dokar da ta ba kowa damar zaɓar jinsin da za a rubuta masa. Malamai da yawa suka yi ca. A watan Mayun 2023 kotun shari'ar Musulunci ta tarayya ta soke wannan sashe, ta ce halitta ce ke tabbatar da jinsi, ba abin da mutum ke ji a ransa ba, kuma ta kawo batun gado cikin hujjojinta. Kun ga bambancin nan na ɗazu ya dawo. A ganina babbar matsalar dokar ita ce ta zuba mata-maza da masu sauya jinsi a kwando ɗaya, shi ya sa da rigima ta tashi har waɗanda babu saɓani a kansu suka shiga ruɗani.

A nahiyarmu, Afirka ta Kudu tana da doka a rubuce tun 2003, kuma tana neman rahoton likitoci. Ga wani abu da ɗaliban kwamfuta za su so. Lambar ɗan ƙasarsu tana da alƙaluma 13. Shida na farko ranar haihuwa ce, huɗu na gaba kuma jinsi ne: daga 0000 zuwa 4999 mace, daga 5000 zuwa 9999 namiji. Ke nan duk wanda aka sauya wa jinsi sai an ba shi sabuwar lamba, sannan ya bi banki da wurin aiki da makaranta yana tabbatar musu shi ne dai mutumin jiya. Tamu ta NIN mai alƙaluma 11 ba ta ɗauke da wannan bayani a cikinta, kuma a nan wanda ya tsara ta ya yi tunani.

Labarin Kenya ya fi kusa da mu ɗalibai, don a kan satifiket ne. Audrey Mbugua ta sauya suna bisa doka, amma takardar sakamakon sakandarenta na ɗauke da tsohon suna da harafin M, duk inda ta kai neman aiki sai a ga kamar ta wani ce ta ɗauko. A 2014 babbar kotu ta umarci hukumar jarrabawa ta ƙasar ta ba ta sabuwa da sabon suna, a cire gurbin jinsin gaba ɗaya. Kenya ɗin ce kuma ta ƙirga mata-maza a ƙidayar 2019, ta samu mutum 1,524.

Kada wani ya ɗauka duniya duk gefe ɗaya ta nufa. Hangari ta rufe ƙofar a 2020, Rasha a 2023. Amurka ta buɗe wa jama'a zaɓin X a fasfo a 2022, sai Shugaba Trump ya sa hannu a umarni ranar 20 ga Janairun 2025 cewa gwamnati jinsi biyu kawai ta sani. Ƙa'idar fasfo ta duniya, wadda hukumar ICAO ke tsarawa, ta yarda da M da F da X. Amma yardar ƙa'ida ba ta tilasta wa kowace ƙasa buɗe maka iyaka ba.

To mu fa? Najeriya ba ta da dokar da ta tsara wa mai sauya jinsi hanyar sauya harafinsa. Dokar 2014 da ake yawan ambata a kan auren jinsi ɗaya take, ba a kan takardu ba. Mun ga yadda abin yake a aikace a Afrilun 2024, lokacin da babbar kotun tarayya a Legas ta ɗaure Bobrisky wata shida kan wulaƙanta naira. Da aka tambaye shi a kotu ya ce shi namiji ne, hukumar gidajen gyaran hali kuma ta ce a ɓangaren maza za a ajiye shi.

Ni dai a matsayina na Musulmi ina kan abin da malamanmu suka tafi a kai. Waɗanda ke tsaya mini a rai su ne mata-maza. Ka ɗauka jaririn da ungozoma ta ce mace ce, aka raɗa suna, aka yi firamare da sakandare da sunan mace, sai da balaga ta zo likita ya tabbatar namiji ne. Shari'a ta ba shi hanya, likita ya ba shi takarda. Saura takardar haihuwa, da sakamakon WAEC ko NECO, da JAMB, da NIN, da BVN, kowace da teburinta da ma'aikacinta. Idan abokina mai gemu ya rasa tallafi saboda danna maɓalli ɗaya, wannan yaro fa, da zai maimaita sirrin jikinsa a gaban kowane teburi, mutane na layi a bayansa suna saurare?

Idan kai ne a teburin, ka ja shi gefe, ka karɓi rahoton likita da takardar rantsuwa, ka kai wa na gaba da kai, kuma labarin kada ya fita daga ofis. Mu kuma masu shirin fita, kafin a tura sunayenmu don buga satifiket, kowa ya jera takardunsa a kan katifa ya bi su harafi bayan harafi: Muhammad ne ko Mohammed, sunan mahaifi ne a gaba ko naka, M ne ko F.