Idon Matuƙi a Sararin Sama

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ina so in yi ɗan bayani a kan yadda matuƙin jirgin sama ke sanin jiragen da ke kewaye da shi, musamman inda zirga-zirga ta yi yawa. Na yi lissafi na ga jirage biyu da suka fuskanci juna, kowanne yana gudun mil 500 a awa, suna cinye mil guda na tazarar da ke tsakaninsu cikin ƙasa da daƙiƙa 4. To, ina ido zai iya da wannan, balle cikin gajimare ko hazo?

Shi ya sa aka ƙera wata na'ura mai suna TCAS. Tana tambayar jiragen da ke kusa, su kuma na'urorinsu su amsa, sai ta zana su a allon da ke gaban matuƙi. Farar alama jirgi ne wanda ba ya barazana. In ya ga +05 a kanta, jirgin yana bisansa da ƙafa 500. In alamar ta koma rawaya, gargaɗi ne ya buɗe ido. In ta yi ja, saura kamar rabin minti a yi karo, sai murya ta ce masa ya hau ko ya sauka, ɗayan jirgin kuwa a ba shi akasin haka.

Amma fa allon ba ya nuna jirgin da na'urar amsawarsa ba ta aiki. Haka ta faru a Barazil a 2006, mutum 154 suka rasu. Sannan akwai matsalar wa za a bi. Ran 1 ga Yuli, 2002, a sararin Jamus, na'ura ta ce wa matuƙin wani jirgin Rasha ya hau, ma'aikacin da ke ba da umarni daga ƙasa ya ce ya sauka. Ya bi ma'aikacin, ya yi karo da jirgin kaya na DHL wanda shi ma yake sauka, mutum 71 suka halaka. Ƙa'ida yanzu ita ce, in alama ta yi ja, maganar na'ura ce gaba.

A ganina, allon ya ƙara wa matuƙi ido, amma sai an haɗa da horo da bin ƙa'ida. Masu sha'awar tuƙin jirgi a cikinmu su riƙe wannan, don rigakafi ya fi magani.