DARASI: ƘAURA DA IYALI ZUWA NIJAR DA SAYEN GIDA A CAN

Manufa: Mu taimaki magidanta su yi tunani da kyau kafin su kwashe iyali zuwa wata ƙasa, su kuma san hanyar sayen gida wadda ba za ta jawo kuka daga baya ba.

Karatu: Farawa 23, Irmiya 32:6-15, Rut 1:1-5 da 4:3. A karanta su da ƙarfi kafin a soma darasin.

Gabatarwa

'Yan'uwa, maganar ƙaura ba baƙuwa ba ce a ƙauyukanmu. Tun daga 2019 dubun dubatan mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka ƙetare zuwa jihar Maradi saboda 'yan bindiga. Waɗansu kuwa ciniki ne ya kai su, ko aure, ko aikin bishara. Wanda ya gudu da dare ba shi da zarafin shawara, sai dai mu taimake shi. Wannan darasi domin mutumin da yake da lokacin tunani ne, da kuma wanda ya riga ya zauna a can, yana so ya mallaki wurin sa kansa.

1. Harshe ɗaya, amma doka biyu

Bakatsinen da ya bi ta Jibiya ya sauka Maradi zai ji kamar yana gida. Hausa ake yi, tuwo ɗaya, fura ɗaya, sarautar garin ma asalinta daga Katsina ne. Haka yake ga wanda ya bi ta Illela zuwa Birnin Ƙonni, ko ta Kongolam zuwa Damagaram. Wannan shi yake ruɗin mutane da yawa. A kasuwa kai ɗan'uwa ne, amma a ofis kai baƙo ne.

An kafa ƙungiyar ECOWAS a 1975. A 1979 ta yarda ɗan wata ƙasa daga cikinta ya shiga wata ba tare da biza ba, ya yi kwana 90. Ku lura fa, kwana 90 na ziyara ne. Zama da iyali yana bukatar takardar izinin zama. Ban da haka, Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ƙungiyar ran 29 ga Janairu 2025. Sun ce 'yan ƙasashen ECOWAS za su ci gaba da shiga ba biza, amma a cikin wannan wata Nijar ta fitar da sabuwar doka wadda ta tsananta sharuɗan shiga da zaman baƙi. Saboda haka kada ka dogara ga labarin direba, ko na wanda ya je shekara biyar da suka wuce. Ka je ofishin jakadanci ko na 'yan sandan kan iyaka ka ji da kunnenka.

Tarihi ya koya mana cewa zaman baƙo yakan canja dare ɗaya. A 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita. Mutanenmu da yawa suka sayar da gidaje da rumfuna a kan abin da bai taka kara ya karya ba. A 1983 Nijeriya ma ta yi wa baƙinta haka. Iyakarmu da Nijar an rufe ta daga 1984 zuwa 1986, an sake rufewa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, sa'an nan bayan juyin mulkin Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Mutumin da iyalinsa suke can, rumbunsa yana nan, ya sha wuya a waɗannan lokatai.

Kafin tashi, kowane babba ya sami fasfo ko katin shaida mai aiki. A haɗa takardar aure, da takardun haihuwar yara, da katin allurar shawara, da sakamakon makarantarsu. Yaron da aka haifa a can kuwa, a rubuta haihuwarsa a ofishin magajin gari nan da nan.

2. A zauna da iyali tukuna

Maigida, kada matarka ta ji labarin ƙaura a bakin maƙwabta. Ita ce za ta nemi ruwa da itace a wurin da ba ta san kowa ba, ita ce za ta rabu da iyayenta da Zumuntar Mata. Ku yi addu'a tare, ka saurari shawararta.

Ku yi tunanin yara kuma. A 2025 Nijar ta mai da Hausa harshen ƙasa, amma yawancin karatun makaranta da Faransanci ake yinsa. Ƙaramin yaro zai kama da sauri. Wanda ya yi nisa a sakandare da Turanci, mai yiwuwa a mai da shi baya. Wani lokaci gara a bar irin wannan yaro wurin dangi ya gama.

Sa'an nan tsofaffi. Wa zai lura da su? Wa zai noma musu?

3. Kada ka saki reshe ka kama ganye

Yunwa ce ta kai Elimelek da iyalinsa ƙasar Mowab. Shi da 'ya'yansa biyu suka mutu a can. Na'omi ta komo Baitalami hannu wofi, amma gonar mijinta tana nan, ta wurinta kuma aka sami hanyar fansar gidan. Da ya sayar ya ci kuɗin a hanya, ina za ta sa kanta?

Shawararmu ita ce, kada ka sayar da gonar gado don ka sayi gida a wata ƙasa. Ka ba da ita aro ko haya ga wanda ka amince da shi, a gaban mai gari da dattawan ikkilisiya, a rubuta yawan shekarun. Idan dole ne a sayar da wani abu, a fara da dabbobi ko amfanin gona.

4. Lissafin kuɗi

Yesu ya yi magana a kan mai son gini wanda ya kamata ya zauna ya ƙididdige kuɗin tukuna (Luka 14:28). A Nijar da sefa ake ciniki, ƙidayarta kuwa takan ruɗi baƙo. Dala ɗaya sefa 5 ce, jika ɗaya sefa 1,000 ce. In an ce maka jika dubu uku, sefa miliyan 3 ke nan. Ka sa a rubuta maka kuɗin da lambobi, a sa kalmar sefa a gefe, don kada a yi musu daga baya. Ka sani kuma sefar Nijar dabam take da ta Kamaru da Cadi, ko da yake darajarsu ɗaya ce.

Sefa tana ɗaure da kuɗin Turai, Naira kuwa takan hau ta sauka. Idan ka yi alkawarin biya kashi-kashi da sefa, alhali samunka da Naira ne, bashin yana iya kumbura kana barci. Sefa ma ta taɓa faɗuwa: a Janairu 1994 aka rage darajarta da rabi a rana ɗaya. Saboda haka gara ciniki na hannu da hannu.

A cikin lissafinka ka sa kuɗin mota, da hayar gida, da abincin iyali har zuwa kaka, da la'adar dillali, da kuɗin takardu da haraji, da gyaran gidan, da wani abu na ajiya saboda ciwo. In kuɗin bai kai ba, a dakata.

5. Gani ya kori ji

Maigida ya fara zuwa shi kaɗai. In wurin ya karɓe shi, ya kawo iyali su kama haya, su yi rani su yi damina kafin a yi maganar saye. Da rani za ka san ko rijiya ko famfon unguwar yana ƙafewa. Da damina za ka san inda ruwa yake bi. Tsohon garin Maradi a bakin gulbi yake, ambaliyar 1945 ce ta sa aka mai da shi kan tudu. A 2024 ma ruwa ya rushe gidaje masu yawa a Maradi da Damagaram. Gidan da ka ga yana da araha ƙwarai, ka tambayi dalili.

Manomi ya sani cewa ruwan saman Maradi kusan rabin na Zariya ne. Masara da doya ba za su yi maka yadda ka saba ba. Gero da wake da gyaɗa su ne abincin ƙasar. Ka koya wurin maƙwabta yadda suke barin gawo da sauran itatuwa su tofo a gona, abin da suke kira sassaben zamani.

6. Yadda ake sayen gida

Ku dubi Ibrahim. Da Saratu ta rasu a Hebron, ya san shi baƙo ne. Efron ya ce zai ba shi wurin kyauta, Ibrahim ya ƙi. Ya auna shekel 400 na azurfa a gaban mutane a ƙofar gari, aka tabbatar masa da gonar da kogon da itatuwan da suke cikin iyakarta. Irmiya kuma, da ya sayi gona a Anatot a kan shekel 17, wurin ɗan'uwansa ne ya saya, duk da haka ya rubuta takarda, ya kira shaidu, ya sa aka ajiye takardun a tukunya don su daɗe. Mu bi sawunsu kamar haka:

(a) Ka tambaya a ofishin magajin gari ko doka ta yarda baƙo ya mallaki irin wannan wuri, da sharuɗan da ke kai. Kowace ƙasa da tata doka. A Gana, alal misali, baƙo ba ya samun ƙasa sai ta haya, iyakarta shekara 50.

(b) Ka ga takardar gidan ta ainihi. A garuruwan Nijar filin da hukuma ta yanka yana da takardar da ake kira da Faransanci *acte de cession*. Wadda ta fi ta ƙarfi ita ce *titre foncier*. Ka kai ta ofishin da ya bayar a duba littafi, a ga ko sunan mai sayarwa ne a ciki, ko kuma an jinginar da gidan.

(c) In gidan gado ne, sai dukan magada sun yarda a rubuce, har da mata da waɗanda suke tafiya. Yawancin rigimar gida daga nan take tasowa.

(d) Ka zagaya iyakar gidan tare da maƙwabta da mai unguwa.

(e) Takardar ciniki da Faransanci za a rubuta. Ka nemi wanda ka amince da shi, wanda ba na mai sayarwa ba ne, ya fassara maka kalma-kalma kafin ka sa hannu ko ka dangwala.

(f) A biya kuɗin a gaban *notaire*, wato jami'in da doka ta ba ikon tabbatar da ciniki, ko a gaban hukuma da shaidu. Kada ka ba dillali kuɗin gida.

(g) A juya takardar zuwa sunanka. Kada ka sayi gida da sunan wani ɗan ƙasa don gudun wahala. Ko shi mai gaskiya ne, ran da ya mutu magadansa takarda za su duba.

(h) Ka yi kwafin takardun, ka ajiye ɗaya a gida Nijeriya, matarka kuma ta san inda suke.

Idan gona ce ko fili a ƙauye, Nijar tana da dokar ƙasar karkara tun 1993. A ƙarƙashinta akwai kwamitin filaye na ƙauye, wanda ake kira Kofob, mai gari ne shugabansa. Su ne suke ba da takardar shaidar sayarwa ko aro ko jingina. Ka tabbatar kuma filin bai shiga burtali ko makiyaya ba.

7. Zama cikin jama'a

Ka karɓi takardar shaida daga fastonka, ka kai wa ikkilisiyar da ka tarar. Akwai ikkilisiyoyin EERN a Maradi da Damagaram da waɗansu garuruwa, akwai kuma asibitin mishan a Galmi. Masu bi kaɗan ne a ƙasar, a Janairu 2015 kuwa an ƙone majami'u a Damagaram da Yamai. Don haka ka nemi shawarar dattawan can a kan unguwar da ta dace. Ka gaida mai unguwa, ka je suna da gaisuwar mutuwa, ka biya haraji, ka janye bakinka daga siyasar ƙasar. Maƙwabcin da ya san halinka shi ne shaidarka ran da wata magana ta taso.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Don me Ibrahim ya ƙi karɓar wurin kyauta?
2. Irmiya da mai gonar 'yan'uwa ne. Me ya sa ya nemi shaidu da takarda?
3. Waɗanne dalilai ne suka isa su sa mutum ya kwashe iyalinsa? Waɗanne ne ba su isa ba?
4. Yaya ikkilisiyarmu za ta lura da gonakin waɗanda suka tafi?
5. Akwai baƙi a garinmu waɗanda suka zo daga wata ƙasa. Yaya muke riƙonsu?

Aikin mako: Kowane magidanci ya tattara takardun gidansa da na gonarsa da na haihuwar 'ya'yansa, ya ga abin da ya ɓace, ya faɗa wa ƙungiya a taro mai zuwa.

Addu'a: A yi addu'a domin waɗanda tashin hankali ya raba su da gidajensu, da masu shirin tafiya, da shugabannin ƙasashen nan biyu.